Jan Piyaje, mutumin da ya saurari yara

A kasuwar Magarya, in mai awo ta cika tiya da gero ta juye a buhu, kowa ya san geron bai ƙaru ba, bai kuma ragu ba. Ko ta baza shi a tabarma, tiya ɗaya ce dai. Babba ba ya tsayawa tunani a kan wannan. Amma yaro ɗan shekara huɗu, in ya ga geron a baje, sau da yawa yakan ce ya fi na cikin tiya yawa. Sai manya su yi dariya. Wani ma ya kira shi daƙiƙi.

An yi wani mutum a ƙasar Suwis wanda irin wannan amsa ba ta ba shi dariya ba. Shi so ya yi ya san abin da ya sa yaro ya faɗi haka. Ya yi wajen shekara 60 yana wannan bincike. Sunansa Jan Piyaje. Da Faransanci ana rubuta sunan Jean Piaget.

1. Ilimin halayyar ɗan Adam

Likita yana duba jiki. Malamin gona yana duba ƙasa da iri. Akwai kuma masanan da aikinsu shi ne duba abin da ido ba ya gani a cikin mutum: yadda yake tunani, yadda yake koyo, yadda yake tunawa da yadda yake mantawa, da abin da ke sa shi fushi ko tsoro ko murna. Wannan fanni shi ake kira ilimin halayyar ɗan Adam. A manyan makarantu ana ce masa sikoloji.

Tun zamanin da, mutane suna tunani a kan zuciya da hankali. Wani malami, Abu Zaidu Albalki, wanda ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafi da Larabci a kan lafiyar jiki da ta rai. A ciki ya yi bayanin fushi, da tsoro, da baƙin ciki, da waswasi. Amma sai a shekarar 1879 aka buɗe ɗakin gwaje-gwaje na farko na wannan ilimi. Wani Bajamushe, Bilhelm Bunt, shi ya buɗe shi a birnin Laifzig. Daga nan masana suka riƙa lura, suna gwadawa, suna aunawa, suna rubutawa, domin wani ya maimaita gwajin ya gani ko gaskiya ne.

Fannin yana da rassa da yawa. Akwai masu taimakon wanda damuwa ta yi wa yawa. Akwai masu duba zaman mutum cikin jama'a. Akwai kuma masu bin yadda hankalin yaro yake girma, tun daga haihuwa har balaga. A wannan reshe na ƙarshe Piyaje ya yi suna.

2. Yaro mai tara katantanwa

An haifi Jan Piyaje ran 9 ga watan Agusta na shekarar 1896 a Nushatel. Gari ne a bakin wani babban tafki, mutanensa Faransanci suke yi. Shi ne ɗan fari a gidansu. Mahaifinsa, Artur, malamin jami'a ne mai binciken tsofaffin littattafai. A wurinsa Jan ya koyi yin aiki a tsanake, ko da ƙaramin aiki ne. Mahaifiyarsa, Rabeka, mace ce mai basira da riƙon addini, amma tana fama da rashin kwanciyar hankali, har gidan yakan rasa natsuwa. Wannan ya sa yaron ya bar wasa da wuri, ya duƙufa ga karatu da lura da halittu.

A shekarar 1907, yana wajen shekara 11, ya ga wata gwara a lambun gari. Gashinta fari ne, wato zabiya ce. Ya tsaya ya dube ta da kyau, ya koma gida ya rubuta abin da ya gani. Rubutun bai wuce shafi ɗaya ba. Ya aika wa wata ƙaramar mujalla, aka kuwa buga shi.

Daga nan ya nemi izinin shiga gidan ajiyar halittu na garinsu. Shugaban gidan, wani tsoho mai suna Pol Gode, masanin dodon koɗi ne. Ya ɗauki yaron ya riƙa taya shi liƙa wa katantanwa suna. Shekara huɗu suna tare, har tsohon ya rasu a 1911. Jan ya ci gaba shi kaɗai, yana yawo bakin tafki yana tsintar katantanwa, yana rubutu a kanta. Masana na wasu garuruwa suka karanta, suka zaci dattijo ne. Har aka aiko masa takarda daga birnin Janeba ana son ya zo ya kula da katantanwar gidan ajiyarsu. Ya ba da haƙuri, domin bai gama makaranta ba tukuna.

A shekarar 1918 ya sami digirin dokta a ilimin halittu. Dodon koɗi ya koya masa abin da bai taɓa mantawa ba. Wanda ke zaune a ruwa mai kwanciya, katantanwarsa doguwa ce. Wanda ke wurin da igiyar ruwa ke duka, tasa gajera ce mai faɗin baki, domin ya iya maƙalewa a dutse. Wato mai rai yana daidaita kansa da wurin zamansa. Piyaje ya fara tunanin ko hankalin mutum ma haka yake ginuwa.

3. Agogon mai reno

Akwai wani abu da ya faru da shi wanda ya nuna masa cewa sha'anin hankali sai an bi shi a sannu. Tun yana ƙarami yana tuna ranar da wani mutum ya so ya sace shi a birnin Pari. A lokacin bai cika shekara biyu ba, yana cikin keken jarirai. Yana tuna yadda mai renonsa ta tare ɓarawon, yadda aka yakushe mata fuska, da yadda ɗan sanda ya zo da farar sanda, ɓarawon ya gudu. Iyayensa sun ba matar agogo tukuici.

Yana da wajen shekara 15 sai ga wasiƙa daga matar nan. Ta tuba, tana so ta mayar da agogon. Ashe babu wani ɓarawo. Ita ta ƙaga labarin, ita ta yakushe fuskarta.

To, ina ya samo hoton da yake gani a zuciyarsa? An sha ba da labarin a gabansa, sai hankalinsa ya zana hoton, ya ajiye kamar abin da ya gani da ido. Mutum yana iya rantsuwa a kan abin da yake tunawa, ba kuwa ƙarya yake yi ba, amma abin bai faru ba. Masana sikoloji har yanzu suna binciken irin wannan.

4. Makarantar Pari

A shekarar 1919 Piyaje ya tafi Pari, babban birnin Faransa. Can ya sadu da likita Tewodor Simon. Shi Simon, tare da Alfared Bine, su suka shirya tambayoyin auna fahimtar yara a shekarar 1905, domin a gane ƴan makarantar da ke bukatar taimako na musamman. Bine ya riga ya rasu tun 1911.

Simon ya tura Piyaje wata makarantar firamare. Aikinsa shi ne ya yi wa yara tambayoyi, ya ƙirga masu amsa daidai da masu kuskure. Tambayoyin irin na wasa ƙwaƙwalwa ne. Ga misalin irinsu: Hadiza ta fi Zinaru tsawo, amma ba ta kai Mariyama ba, wace ce ta fi tsawo a cikinsu?

Ƙirga bai daɗe yana ba shi sha'awa ba. Amma ya lura da wani abu. Yara masu shekaru ɗaya, kuskurensu iri ɗaya ne. Waɗanda suka girme su da shekara biyu ko uku, sun bar wannan kuskure, sun koma wani. Ashe kuskuren yana da tsari. Sai ya ajiye ƙirga, ya zauna da kowane yaro suna hira. In yaro ya amsa, sai ya tambaye shi yadda ya gane haka. Ba ya tsawa, ba ya gaya masa amsa, ba ya nuna masa ya yi kuskure. Yana saurare, yana rubutawa.

A nan ya gane babban abin da ya gina aikinsa a kai. A da ana ɗauka yaro ƙaramin babba ne wanda kansa bai cika ba, sai a yi ta zuba masa sani kamar ruwa a tulu. Piyaje ya ga yaro yana da hanyar tunani tasa. Amsar da babba ya ga wauta ce, a wurin yaron tana da dalili.

5. Wata yana bin yaro

A shekarar 1921 aka kira shi Janeba, ya shugabanci bincike a Cibiyar Ruso, inda ake horar da malamai ana kuma nazarin yara. Ya yi niyyar ya yi ƴan shekaru kaɗan a kan yara ya koma wani aiki. Bai bar su ba har ƙarshen ransa. Littafinsa na farko a kansu ya fito a 1923, a kan magana da tunanin yaro.

Ga kaɗan daga abin da ya gano. Ƙaramin yaro, in yana tafiya da dare ya ɗaga kai, yakan ce wata yana bin sa. In ya tsaya, wata ya tsaya. Yaron da ke da wa guda, in an tambaye shi ko yana da ɗan'uwa, zai ce i. In an tambaye shi ko wan nasa yana da ɗan'uwa, sau da yawa sai ya ce a'a. Bai iya tsayawa a matsayin wansa ya dubo kansa ba tukuna.

Piyaje ya durƙusa a ƙasa ya yi wasa da yara, wasan ƙananan ƙwallayen gilashi, domin ya san yadda suke ɗaukar doka. Ƙanana suna ganin dokar wasa daga manya ta zo, ba mai taɓa ta. Masu shekara goma zuwa sama sun san ƴan wasa suna iya canza doka in duka suka yarda. Mai kallon ƴan dara ko ƴan langa a dandali zai ga haka.

Ya kuma ba su labarin yara biyu. Ɗaya ya buɗe ƙofa bai sani ba ya fasa kofi 15. Ɗaya ya hau satar kayan zaƙi ya fasa kofi ɗaya. Ƙanana suka ce mai 15 ya fi laifi, domin ɓarnarsa ta fi yawa. Manyan yara suka duba niyya, suka ce mai satar ne.

6. Ƴaƴansa uku

A shekarar 1923 ya auri Balantin Shatene, wadda ta yi karatu a cibiyar. Suka haifi Jakilin a 1925, Lusiyen a 1927, da Loran a 1931. Shi da matarsa suka riƙa lura da jariran kullum, suna rubuta abin da suka yi, da wata da kwana.

Wata rana Jakilin, tana da wata bakwai da kwanaki, ta miƙa hannu za ta ɗauki ƴar agwagwar wasa. Agwagwar ta zame ta shige ƙarƙashin ninkin mayafi. Yarinyar tana kallo, hannunta yana iya kaiwa, amma ba ta nema ba. Kamar dai abin da ya ɓace wa ido ya bar duniya. Bayan ƴan watanni, in an ɓoye mata abu, sai ta ɗaga mayafi ta ɗauko. Ta gane abu yana nan ko ba a ganin sa. Babba yana zaton da wannan sani aka haife shi. Piyaje ya ce jariri da hannunsa da bakinsa da idonsa yake gina shi.

7. Ruwa, yumɓu da gyaɗa

Gwaje-gwajensa da suka fi shahara ya yi su ne tare da mata biyu masana, Alina Sheminska da Barbel Inhelda. Littattafansu a kan lissafi da yawan abu sun fito a 1941. Kowa yana iya yin waɗannan gwaje-gwaje, ko a Dungas ko a Bande.

A cika kofi biyu iri ɗaya da ruwa. Yaro ya yarda daidai suke. A gabansa a juye ɗaya cikin doguwar kwalba siririya. Ɗan shekara huɗu ko biyar yakan ce na kwalba ya fi yawa, domin ya fi hawa sama.

A murza yumɓu dunƙule biyu daidai. A miƙe ɗaya ya yi tsawo kamar igiya. Yaron yakan ce dogon ya fi.

A jera gyaɗa bakwai, a jera wasu bakwai a ƙarƙashinsu. A buɗa layi ɗaya ya yi tsawo. Yakan ce dogon layi ya fi yawa, ko da ya iya ƙirga.

Idon yaron lafiya lau yake. Abu ɗaya yake dubawa, wato tsawo, ya manta da faɗi. Kuma bai iya mayar da ruwan cikin kofi a zuciyarsa ba. Ɗan shekara bakwai ko takwas kuwa zai ce daidai suke, domin ba a ƙara ba, ba a rage ba, in an mayar zai koma yadda yake. Wannan shi ne sirrin geron da aka baza a tabarma.

8. Matakai huɗu

Piyaje ya kasa girman hankali mataki huɗu. Na farko, daga haihuwa zuwa shekara 2: jariri yana sanin duniya ta taɓawa da tsotso da kallo. Na biyu, daga 2 zuwa wajen 7: yaro yana magana, yana mai da kara doki, amma kamannin abu yana ruɗinsa. Na uku, daga 7 zuwa wajen 11 ko 12: yana tunani daidai a kan abin da yake gani ko yake taɓawa. Na huɗu, daga nan zuwa sama: yana iya tunani a kan abin da ba ya gabansa, ya ce in da kaza ne, da kaza zai faru, sa'an nan ya gwada.

A ganinsa ba a tsallake mataki, kamar yadda gero ba ya fid da kai sai ya yi kara. Kuma yaro ya fi riƙe abin da ya gano da kansa bisa abin da ya haddace kawai. Shi ya sa malami yakan kawo tsakuwa da kara cikin aji kafin ya rubuta lamba a allo.

9. Masu gwada maganarsa

Yaran da Piyaje ya bincika na Turai ne. Sai masana suka ce bari a gani ko haka abin yake ko'ina. A shekarar 1961 Duglas Firayis-Wiliyams ya buga sakamakon gwajin da ya yi wa yaran Tibi a Najeriya. Ya tarar su ma wajen shekara bakwai zuwa takwas suke gane cewa yawan abu bai canza ba. Piyer Dazan da abokan aikinsa sun lura da jariran Bawule a Kodibuwar, suka ga suna bin matakan farko kamar jariran Turai. A ƙasar Meziko an tarar ƴaƴan magina tukwane suna riga sauran yara gane gwajin yumɓu. Wato aikin gida ma makaranta ce. Yarinyar da ke taya uwarta gini a Mirya tana koyon abin da ba a rubuta a allo ba.

An kuma gano inda Piyaje ya yi kuskure. A shekarar 1974, a ƙasar Sikotland, Magaret Donalsan da Jemis Magarigil suka sake gwajin layi biyu. A wannan karo wata ƴar tsana ce ta zo kamar da ɓarna ta buɗa layin. Sai yara da yawa ƴan shekara huɗu zuwa shida suka amsa daidai. Ashe yadda aka yi tambaya yana canza amsa. Wasu gwaje-gwajen sun nuna jarirai suna gane abin da aka ɓoye tun kafin lokacin da ya faɗa. Wani masanin Rasha kuma, Lef Bigotski, wanda aka haifa shekara ɗaya da Piyaje, ya nuna cewa harshe da taimakon manya suna ja wa yaro hankali gaba ƙwarai. Haka ilimi yake tafiya: wani ya gano, wani ya gwada, wani ya gyara.

10. Ƙarshen rayuwarsa

Piyaje ya koyar a jami'o'in Nushatel, Janeba, Lozan da Pari. Daga 1929 ya shugabanci Ofishin Ilimi na Duniya da ke Janeba, ya yi kusan shekara 40 a kai. A 1955 ya kafa wata cibiya inda masana lissafi da halittu da sikoloji suke haɗuwa suna binciken yadda sani yake ginuwa. Ya rubuta littattafai fiye da 50.

Mutanen Janeba sun saba ganinsa a kan keke, da ƴar hularsa da lofe a baki, gashi ya yi fari fat. Da damina ta Turai ta ba da sarari yakan hau duwatsu ya keɓe ya yi rubutu. Bai daina kiwon dodon koɗi da lura da tsirrai ba har tsufansa. Ya rasu a Janeba ran 16 ga watan Satumba na shekarar 1980, yana da shekara 84. A can aka binne shi.

Ma'anar kalmomi

Sikoloji: ilimin da ke binciken tunani da hali da koyo.
Gwaji: aikin da ake shiryawa domin a ga ko magana gaskiya ce.
Zabiya: mutum ko dabba mai farar fata ko farin gashi tun haihuwa.
Cibiya: wurin da masana ke taruwa suna aiki.

Tambayoyi

1. A wace ƙasa aka haifi Piyaje, kuma a wace shekara?
2. Me dodon koɗi ya koya masa?
3. Me labarin agogo ya nuna game da tunawa?
4. Me ya sa ya fi kula da amsar da ba daidai ba?
5. Ku kawo matakai huɗu na girman hankali.
6. Wane kuskure aka gano a aikinsa?

Aiki

Ku nemi gyaɗa 14. Ku yi gwajin layi biyu da ƙanenku ko ƙanwarku mai shekara huɗu ko biyar, sa'an nan da mai shekara takwas. Ku tambayi kowane yadda ya gane amsarsa. Kada ku yi dariya, kada ku gaya masa amsa. Ku rubuta shekarunsa da abin da ya faɗa, ku kawo aji a gwama da na sauran.